Na jiƙa zaren rama a soda, amma samfurina sai tsinkewa yake yi

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina digiri na biyu, aikina haɗa zaren rama da rezin ɗin foliyesta, ruwan roba mai danƙo da ke daskarewa ya yi tauri. Na jiƙa zaren a soda irin ta yin sabulu, na ɗauraye, na shanya a rana. Duk samfurin da na ɗora a injin gwajin ja sai ya tsinke da wuri, zaren na zarewa fes daga cikin rezin. Wani ya ce in kai sodar kashi 20 cikin 100, in bar zaren ya kwana biyu a ciki. Saura wata uku in kare aikin, hankalina a tashe yake.

Amsa: Kwantar da hankalinka, ɗana, wata uku ya ishe ka. Zaren da ya zare fes, ba ɓurɓushin rezin a jikinsa, yana nuna ba su kama juna ba. Galibi laima ce ko ragowar soda. Rana ba ta raba rama da laima gaba ɗaya.

Shawarar ƙara soda kuwa, kada ka kuskura. Wannan jita-jitar ta cika ɗakunan gwaji, ɗalibi ya ji a bakin ɗalibi, ba mai buɗe littafi. Ana ɗaukar soda kamar gishirin miya, in bai ji ba a ƙara. Aikinta ta cire kakin da ke bayan zaren da wani ɓangare na hemiselulos da lignin (sinadaran da ke ɗaure ƙananan zaruruwan ciki), bayan ya yi kaushi rezin ya sami wurin riƙewa. Shi ke nan. Idan ta yi yawa sai ta cinye abin da ya ɗaure ƙananan zaruruwan, ta taɓa selulos ɗin kansa, wanda shi ne ƙarfin zaren. Za ka ga zaren ya takure, ya nannaɗe, ka murza shi tsakanin yatsu ya marmashe. Ba rezin ɗin da zai ceci irin wannan. Kuma a kashi 20, ɗigo ɗaya a ido na iya makantar da mutum, ga masu haɗa ta a tukunyar alminiyam, alhali tana cin alminiyam ta fitar da iskar haidurojin mai kama wuta.

Auna giram 50 na soda, ka zuba a hankali cikin ruwan da ke roba, ka cike ya kai lita 1, wato kashi 5 cikin 100 ke nan. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa kan soda ba. Sa tabarau da safar hannu. Jiƙa zaren awa 3 zuwa 4, ka wanke da ruwa mai yawa, ka bi da asid ɗin asetik mai rauni, ka sake ɗaurayewa har takardar pH, mai gwada tsami, ta nuna 7, wato ba ragowar soda ko asid. Busar a obin, digiri 70 na Selshiyos, awa 24, ka rufe a leda har lokacin zubi.

MEKP, sinadarin da ake ɗigawa don rezin ya daskare, kada ya wuce kashi 1 zuwa 2 na nauyin rezin. Yanka samfura aƙalla biyar a kowane rukuni bisa ƙa'idar gwajin ja ta ASTM D3039, ka ware rukuni ɗaya da bai ga soda ba, don da shi za ka kwatanta a gaban masu jarrabawa.