Amsa ga ƙanenmu mai shirin buɗe masana'antar magani: kar ku ba da rabin kuɗin nan

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, na so in karanta in wuce, na kasa. Ka ce kai da yayanka kun haɗa jari za ku buɗe ƙaramar masana'antar maganin ruwa a nan Sakkwato, wani kwansaltan daga Abuja ya ce ku ba shi rabin kuɗin aikinsa kafin alƙalami, shi kuma cikin wata shida zai miƙo muku makulli da lambar NAFDAC. Kana tambaya ko ku ɗauke shi, ko ku yi abinku da kanku. Wallahi da na zo kan "wata shida" sai da gabana ya faɗi, don da irin wannan daɗin bakin aka yi mini sakiyar da ba ruwa.

Mai jan ragamar aiki kam kuna buƙatarsa, wannan ba na ja. Aikin nan hannuwa sun yi masa yawa: mai zanen gini, birkila, mai wayarin, mai kawo inji, kwastam, PCN (hukumar kula da sana'ar famasis da wuraren haɗa magani), NAFDAC, banki. Dole a samu mutum guda wanda ya san wane ne ke jiran wane. Amma ba a kan wannan sharaɗin ba, kuma ina jin ba wannan mutumin ba.

Ka tambaye shi abu ɗaya kawai: gwajin daɗewar magani fa, a ina ya sa shi cikin wata shidan? Kafin a yarda da ranar lalacewar da za ka buga a jikin kwalba, sai ka yi zubin gwaji, an ajiye shi a zafin digiri 40 da laima kashi 75 cikin ɗari har wata shida, ana ɗiba ana aunawa. Wannan shi ne na gaggawar ma. Na dogon zangon a digiri 30 ake yinsa, shi kuwa tafiya yake har shekaru. To zubin gwajin a ina za a yi shi in ba a gama gini ba, ba a kafa inji ba, ba a tace ruwa ba? Wata shidan nasa gwaji ɗaya ya cinye shi tas. Ko bai sani ba, ko ya sani yana rufe ku. Duka biyun ba alheri.

Nawa mutumin da kwamfuta ya zo, da wani jadawali mai launi-launi, kowane aiki da sandarsa, kore da ja da shuɗi. A bangon takardar ya manna shaidar PMP, wadda wata cibiya ta Amurka ke bayarwa. Shaidar ba ta da laifi, ta gaskiya ce, amma ba ta ce mutum ya taɓa shiga ɗakin haɗa magani ba. Ya nuna mana hotunan wata masana'anta a Kudu ya ce aikinsa ne. Daga baya aka gaya mini ofisoshin gaba da katanga ya kula da gininsu, ƙafarsa ba ta taɓa taka ɓangaren haɗawa ba. Shi ya ce a fara gini a kuma yi odar inji lokaci guda, wai kar a ɓata lokaci. Na ce masa zanen fa, ba za a kai hukuma ta duba ba? Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce, "Alhaji, bar mini wannan, duk mutanena ne."

Ranar da masu dubawa suka zo, ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. An share fili, an yayyafa ruwa, an sa rumfa. Surukina, dattijon da ya sayar da shanunsa ya zuba a aikin nan, ya zo tun da hantsi cikin babbar riga ya zauna a kujerar gaba. A gida an ɗora tukwane. Shi kwansaltan tun daren jiya ya ce yana hanya, jirgin safe zai biyo. Shugabar tawagar wata baiwar Allah ce mai sanyin magana. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, kayan haɗi ta ina suke shiga? Na nuna. Ta ce, wanda aka gama fa, ta ina yake fita? Na sake nuna ƙofar nan dai. Ba ta ce komai ba, ta rubuta. Muka shiga ɗakin haɗawa. Ta durƙusa, ta zaro farar takarda daga jakarta, ta goga a tsakanin tayil biyu, ta ɗago ta nuna mini. Ja wur da ƙura. Ta ɗaga kai ta kalli tagogin, masu buɗewa ne irin na ɗakin kwana, ga silin na katako, ga magudanar ruwa a buɗe. Ɗakin canja kaya kuwa ƙofarsa da ta bayi suna kallon juna. Ta ce, "Alhaji, wa ya duba muku zanen nan kafin ku zuba kankare?" Na ciro waya na kira shi, a kashe. Na sake kira, a kashe. Yaran da na ɗauka aiki suna tsaye cikin sabbin fararen riguna, kowa ya sunkuyar da kai. Da muka fito, dattijon nan ya dube ni ya ce, "An dace?" Bakina ya yi nauyi. Ya gane. Ya tashi a hankali, ya naɗe hannun rigarsa, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya shiga mota. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abincin nan almajirai aka rabawa.

Su masu dubawar ba su zalunce ni ba, kar wani ya juya maganata. Duk abin da suka rubuta yana nan a ƙa'idojin GMP, wato ƙa'idojin haɗa magani cikin tsabta da inganci, kuma matar nan har zama ta yi ta zana mini a bayan takarda yadda kaya ya kamata su bi hanya ɗaya, daga sito zuwa awo zuwa haɗawa zuwa ɗurawa, ba tare da sun koma baya ba. Ita ta gaya mini NAFDAC tana karɓar zanen masana'anta ta duba shi tun kafin a aza tubali. Abin da mutumin nan ya karɓi kuɗi don ya sani ke nan.

Da ya kunna wayar, ka san me ya ce? Wai in duba yarjejeniya, shi "shawara" aka rubuta zai bayar, ba a rubuta zai tabbatar an ci dubawa ba. Lauya ya karanta ya ce haka take. Na tura masa dattawa, ya ce yana umara. Na tura saƙo, ya karanta ya yi shiru. Har yau ina ganinsa a Facebook cikin kwat, yana tsaye gaban allo yana koya wa matasa yadda ake tafiyar da aiki, mutane suna ta zuba masa ma sha Allah. Wani lokaci sai in rubuta magana a ƙasan hoton, in goge. Mu muka fasa bango, muka kankare tayil muka zuba ifoksi, daɓen nan mai santsi marar tsaga, muka toshe tagogi, shi ko kwabo bai mayar ba. Na bar shi da Allah, kuma ban yafe ba. Masu cewa in yi haƙuri, na gode, amma ba shanun surukinku ba ne.

Ga kuma inji. An biya rabi lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A watan Yunin 2023 aka saki naira, a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Cikon kuɗin a sabon farashi muka biya shi, kwantena kuma tana zaune a Apapa kuɗin ajiya yana hawa, don ba ɗakin da za a kafa injin. Faɗuwar naira ba shi ya jawo ta ba, na sani. Amma mai kula da aiki na ƙwarai yana da takardar da yake rubuta abubuwan da ka iya ɓaci da abin da za a yi in sun ɓaci, kuma canjin dala shi ne layin farko ga duk mai shigo da inji. Nasa jadawalin ko layi ɗaya babu. Kai ma ka ce wa naka mutumin ya nuna maka tasa takardar. In ya tsaya kame-kame, ka sallame shi da lemo.

Kuɗi kuwa, a daina maganar rabi. A yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki a ɗaure shi da abin da ido zai gani. Hukuma ta amince da zane, ga takarda, a biya. PCN ta duba wuri ta ba da lasisi, a biya. An kafa inji, an gwada shi ba kaya, an gwada shi da kaya, an sa hannu a takardun gwajin, a biya. Kaso mai tsoka ya zauna a hannunku sai lamba ta fito. Ɗan abin motsi na farko ba laifi, mutum ba zai zo daga Abuja da aljihunsa ba. Kuma kalmar nan "shawara" kar ta tsaya ita kaɗai a takarda, a rubuta abin da zai miƙo da ranar da zai miƙo shi, da wanda zai ɗauki asarar gyara in aka bi maganarsa aka faɗi. Ka ce ya ba ka sunan masana'antar da ya kai har ga lamba, ka shiga mota ka je. Kar ka tsaya wurin mai kamfanin, nemi famasis ɗin da ke kula da inganci, shi ya san wanda ya yi aiki da wanda ya ɗauki hoto.

Af, na tuna. Rajistar NAPAMS, shafin da ake neman lamba ta cikinsa, da imel ɗin kamfaninku da lambar wayarku za a buɗe ta, kalmar sirri tana hannunku. Nawa da imel ɗinsa ya buɗe, sai da na yi ta roƙo kafin in karɓo abina. Alamar kasuwanci ma a yi mata rajista da sunan kamfaninku da ke CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Kuɗin hukuma ta Remita ake biya, rasit yana fita. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu a ambulan "na ganin mutane", aljihunsa zai gani.

Tunda maganin ruwa ka ce, bari in faɗi abin da ba ka tambaya ba, don shi ke hana ni barci. Gilisarin da furofilin gilaikol da za ku saya, sinadaran da ake haɗa maganin ruwa da su, kowace ganga sai an gwada ta, kar ku yarda da takardar dillali kawai. A 2008 maganin haƙoran yara da aka haɗa da gurɓataccen sinadari ya kashe yara 84 a ƙasar nan. A 2022 irin gubar nan ta kashe yara wajen 70 a Gambiya ta hanyar maganin tari. In kasafin da mutumin ya kawo muku ya cika da fenti da geti da allon suna, ɗakin gwaji kuwa an bar masa ragowa, to bai san sana'ar ba. Kuma ku ɗauki famasis ɗinku tun yanzu, ya zauna a kan zanen tare da mai zane. Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana yaye su, akwai yara masu kai, ku haɗa shi da wani tsohon hannu da ya yi aiki a masana'anta ko da na ɗan lokaci ne. Mai kula da haɗawa daban, mai kula da inganci daban, ɗaya ba ya ƙarƙashin ɗaya.

Sannan wanda ke zaune a Abuja cikin sanyin esi ba lallai ya san Afrilun Sakkwato ba. Yawancin magunguna a jikinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa muna haura 40 kafin azahar. Sito sai da sanyaya dare da rana, wato sola ko janareta da dizal ɗinsa, a sa shi a lissafi tun yau. Ƙurar hunturu kuma tana cika matatar iska da wuri fiye da yadda takardar kamfani ta ce. Ruwan bohol a kai shi gwaji kafin a yi odar na'urar tacewa, ba bayan ta iso ba. Kwalabe da murafu daga Legas za su taso, tafiyar sama da kilomita 1,000 ta Jebba da Kontagora da Yawuri, ka ƙara kwanaki a kan duk abin da direba ya gaya maka. Ka kuma tambayi mai fito da kayanku a kwastam game da umarnin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2024, wanda ya ɗauke haraji kan injuna da kayan haɗin magani na tsawon shekara biyu, ya duba muku ko har yanzu yana aiki, da abin da ya shafe ku a ciki.

Da ni ne ku, da ma ban fara da gini ba. Akwai masana'antu masu lasisi a Kano da Legas da Ogun da ke yi wa mutum magani da sunansa bisa yarjejeniya, kuma NAFDAC ta san da wannan tsarin. Ku fara da haka, ku ga ko kemis-kemis na Sakkwato da Kebbi da Zamfara za su karɓi kayan, ku san masu biyan bashi da masu ɓacewa, sannan ku zuba kankare.

Tsakaninka da yayanka ma a rubuta, da shaidu, wa ya sa nawa, wa ke sa hannu a banki. Ayar bashi ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani. Ni da surukina muna gaisawa lafiya lau, amma ya daina tambayata labarin kamfani, ko da Sallah.

In ba damuwa, rufe sunaye ka turo mini takardar yarjejeniyar da jadawalin nasa ta akwatin sirri, in duba maka bayan isha'i. Kafin nan kar ku tura ko sisi.