Tambaya da Amsa: In nemi dillalin mogej (bashin sayen gida) ko in tunkari banki da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni nas ce a Birmingham, shekarata huɗu a Ingila da bizar aiki, maigidana kuma direban kai kaya ne, aikin kansa yake. Wallahi haya ta ishe mu, fam 1,100 duk wata ga yara suna girma ɗaki ya yi mana kaɗan. Mun tara wajen fam 25,000, wani daga albashi, wani daga adashen da muke yi da 'yan uwa, sai kuɗin filina da na sayar a Kaduna. Yanzu wasu na cewa in tafi bankina kai tsaye tunda nan albashina ke shiga, wasu kuma sun ce in nemi buroka, wato dillali. Kuma Anti maigida ya rantse shi ba zai taɓa bashi mai kuɗin ruwa ba. Don Allah ina zan dosa?
'Yar uwarki daga Birmingham

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. A yadda kika zayyano lamarinku ni dai dillali zan ce ki nema, amma ba kowane dillali ba.

In kika shiga bankinki ma'aikacin zai zaunar da ke ya ba ki shawara tsakani da Allah, tun 2014 ma dokar ƙasar ta tsaurara a kan wannan, to amma shawararsa a kan hajar bankinsa kaɗai take tsayawa. Kamar ki shiga shago ɗaya ne a Kantin Kwari, mai shagon ba zai ce miki atamfar maƙwabcinsa ta fi tasa sauƙi ba. Kuma shigar albashinki can ba ya sa a ɗaga miki ƙafa. Wanda lamarinsa ya miƙe, yana da takardar zaman dindindin, albashi tsayayye, tarihin bashinsa fes, ko wanda dama yana da mogej yana so ne kawai ya sabunta da bankin da yake, wannan zai iya zuwa da kansa ba abin da zai rasa, har ma akwai tayin da wasu bankuna ba sa bayarwa sai ga wanda ya zo musu kai tsaye.

Ku kuwa naku da sarƙaƙiya. Ga biza, kowane banki da nasa sharaɗin a kan mai biza, wani zai ce sai kin ajiye kashi 25 cikin ɗari na kuɗin gidan a matsayin kafin alƙalami, wani zai yarda da ƙasa da haka in albashi ya kai wani mataki ko an daɗe a ƙasar. Ki duba bambancin, gidan fam 220,000 kashi 10 ɗinsa 22,000 ne wanda kuna da shi, kashi 25 kuwa 55,000 ne, kin ga ko kusa ba ku yi ba. Ga obataim ɗinki na asibiti, wani bankin duka zai lissafa miki wani rabi, kuma tunda yawanci abin da suke bayarwa ninki huɗu ne zuwa huɗu da rabi na kuɗin shigarku a shekara, wannan rabin ba ƙaramin abu ba ne. Ga maigida mai aikin kansa, galibi za a nemi takardun harajinsa na shekara biyu, in kuma yana cikin masu rage abin da suke bayyana wa hukumar haraji don a sassauta musu, to nan ne abin zai juyo kansa. Dillalin kirki ya san wa ke karɓar me, aikinsa ke nan kullum. In kika ce za ki bi banki banki da kanki kina cika takarda ana ƙi, kowace cikakkiyar nema tana barin tabo a fayil ɗinki na su Experian da Equifax, kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, na gaba ya gani ya fara ɗari-ɗari da ke. Ko takardar amincewar farko za a yi miki, wadda ke nuna nawa bankin zai iya ba ki, ki tambaya binciken sama-sama ne ko mai barin tabo.

Sai maganar kuɗin ruwa, wadda ita ce ma za ta rage miki yawan ƙofofin. Abin da masu tsarin Musulunci irin su Gatehouse Bank da StrideUp suke yi shi ne ku sayi gidan tare, ku da kasonku su da nasu, duk wata kuna biyan hayar kason nasu kuna kuma sayen wani yanki a hankali har gidan ya zama naku. Masu yin wannan 'yan kaɗan ne, kuma sau da yawa abin da za a biya a wata yakan ɗara na mogej ɗin da aka saba, gara maigida ya san da haka tun yanzu kar a zo ana ɓacin rai. Hukuncinsa a shari'a kuma ku kai takardun gaban malamin da kuka natsu da shi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne izinin ba da shawara a kan wannan tsari daban yake da na mogej a wurin FCA, hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin kuɗi a Birtaniya, don haka dillali zai iya ƙwarewa sosai amma ba shi da hurumin taɓa naku. Ki tambaye shi ɓaro-ɓaro, sannan ki shiga rajistar FCA a intanet ki buga sunan kamfaninsa ki gani da idonki, kyauta ne. Tunda kamfanonin ba yawa, ba laifi ki buga musu waya ke ma ki ji abin da za su ce, ki gwada da na dillalin.

La'adarsa fa? Mai ba da kuɗin ne ke biyansa kamasho in ciniki ya faɗa, yawanci wajen kashi 0.35 cikin ɗari, wato a fam 200,000 kusan fam 700. Wasu da wannan suke wadatuwa ba za su karɓi ko sisinki ba, wasu kuma za su ɗora nasu 'yan ɗaruruwan fam a kai, musamman a lamari mai wuya irin naku, kuma ban ga aibun hakan ba in dai an rubuta nawa ne, yaushe za a biya, kuma in abin bai yiwu ba ana mayarwa ko a'a. Ki tambaye shi duk kasuwa yake dubawa ko wasu 'yan bankuna ne kawai yake hulɗa da su. Wanda kuma aka turo miki lambarsa a guruf ɗin WhatsApp yana cewa zai "gyara" takardar albashi, ki guje shi, zamba ce a doka, ga aikinki ga bizarki duk suna cikin haɗari. In dillali mai rajista ya ba ki gurguwar shawara kina da inda za ki kai ƙara, kamfanin na da sati takwas ya amsa, in bai gamsar ba sai Financial Ombudsman, ofishin da ke sasanta ƙorafi a kan kamfanonin kuɗi, shi ma kyauta.

Kar ki yi wasa da asalin kuɗin nan. Lauyan da zai yi cinikin dole ne ya bi diddigin kowane fam, kuma adashe ba abu ne da Bature ya saba gani ba, shi abin da zai gani a sitatimen shi ne fam 500 na fita duk wata zuwa asusun wata mata, rana ɗaya kuma dubbai sun faɗo. Ki tanadi jerin 'yan adashen da tsarin kwasa. Na filin Kaduna kuma ki nemo takardar cinikin da shaidar yadda kuɗin ya taso daga asusunki na Najeriya ya iso nan, in ta hannun ɗan canji aka bi wani ya zuba miki fam daga asusunsa to ki faɗa wa dillalin tun zaman farko.

Tambaya: Anti mun ga gida a Leicester, amma ejan ɗin da ke sayar da gidan ya ce ba zai kai tayinmu wurin mai gidan ba sai mun zauna da dillalin ofishinsu. Dole ne?
Wani ɗan uwa daga Leicester

Amsa: Ba dole ba ne ɗan uwa, kamasho yake hange. Doka ta wajabta masa isar da tayinka ga mai gida, kuma ba shi da ikon ɗaura maka sharaɗin amfani da dillalinsu. Yana da damar ya nemi shaidar cewa za ka iya saye, sai ka nuna masa takardar amincewar farko da shaidar kuɗin da ke asusunka. Ka tura tayin ta imel, ka ce ya tabbatar maka a rubuce cewa ya isar.