Kifina Mai Lasar Gilashi Ya Rame, Me Zan Ba Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na sayi kifin nan mai manne wa gilashi da ake kira fileko, na sa shi a tankin lita 60 tare da golfish uku, wato kifin ado mai launin zinariya. Mai sayarwa ya ce ba sai na ba shi abinci ba, dattin tanki yake ci. Yanzu ga shi ya rame, wuni yake ɓoye bayan dutse, shekaranjiya da dare kuma na tarar ya manne a jikin golfish ɗaya. Ciwo ne ko mugunta? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kifinka yunwa yake ji, kuma maganar nan ta cewa datti yake ci ita ta halaka irinsa da yawa a gidaje. Fileko ba ya cin kashin kifi. A kogunan Kudancin Amurka inda ya fito, gansakuka yake kankara daga duwatsu da itatuwan da suka nutse, haɗe da ƙananan halittun da ke cikinta, da bakin nan nasa mai kama da ƙahon wanzami. Gansakukar da tankin lita 60 zai fitar, cikin 'yan kwanaki zai side ta. Abincin da kake watsa wa golfish kuwa a saman ruwa suke cinye shi, ba abin da ke isa ƙasa.

Ka jira ya manne a gilashin gaba ka dubi cikinsa. Na mai lafiya a shafe yake ko ya ɗan taso. Idan ya lotsa kamar cikin cokali, yunwar ta daɗe. Idan har idanun sun faɗa, to lamarin ya yi nisa, kada ka bari a kwana. Manne wa golfish ɗin ma daga nan ya samo asali: yauƙin jikinsa yake tsotsa, yauƙin nan kuwa shi ke kare kifi daga cuta. In ya ci gaba bayan ya fara ƙoshi, raba su.

Abincinsa na nan a kasuwa. Ka yanka kokwamba kaurin ɗan yatsa, ko kabewa, ko dankalin Hausa. Masu taurin ka tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu, ba gishiri, ka bari su huce. Ka soke yankin da cokali mai yatsu wanda ba ya tsatsa don ya nutse, ka ajiye shi bakin maɓoyarsa bayan sallar isha'i, ka kashe fitilar tankin. Da safe ka cire abin da ya rage kafin ya ɓata ruwa. Daren farko yana iya ƙin kulawa, kada ka karaya. Ranar da ya gane, za ka tarar an rarake tsakiyar kokwambar, saura zoben ɓawo. Ka haɗa masa da ƙwayar abincin kifi mai nutsewa, sannan sau ɗaya a mako ɗan guntun ɗanyen jatan lande. Ka kuma samo masa busasshen itace daga masu sayar da kayan tanki, yana son kankararsa da fakewa ƙarƙashinsa.

Ɓuyan rana halinsa ne, da dare yake kiwo. Haka in ka ga ya zabura sama ya haɗiyi iska ya koma, ba ciwo ba ne, don yana iya numfashi ta cikinsa. Amma in abin ya yawaita, musamman an ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, ruwan ne ya rasa iska. Yana son ɗumi tsakanin digiri 23 zuwa 28, don haka a sanyin hunturu ka riƙa duba ma'auni.

Akwai abin da ya fi damuna. Ka ƙirga ƙasusuwan filafilin bayansa in ya buɗe shi. Idan sun kai 10 ko sun wuce, jinsin Pterygoplichthys ne, wanda aka fi sayarwa, kuma yakan kai santimita 40, ya rayu fiye da shekara 10. Irin wannan sai tankin lita 300 zuwa sama, ga yawan kashi da zai sa ka sauya rubu'in ruwan duk mako. Ga ƙaramin tanki, fileko jinsin Ancistrus mai tsiron gemu a hanci ya fi, don ba ya wuce santimita 15.

In ya fi ƙarfin tankinka, don Allah kada ka kai shi Kogin Kaduna ko wata madatsa. Waɗanda aka saki a Kogin Marikina na ƙasar Filifin da magudanan ruwan jihar Fulorida ta Amurka sun hayayyafa, suna haƙa ramuka a gaɓa har ta zaftare, suna cika tarun masunta. Ka mayar wa mai shago, ko ka ba wanda ke da babban tanki.