Filin Hoto: Ƙwari, Kwaɗi da Sauran Ƙananan Halittu

Tun da muka buga hoton mazarin nan mai raɓa a fukafukai a fitowar watan jiya, saƙonni suka yi ta shigowa, har daga waɗanda ba su taɓa rubuto mana ba. Kusan duk abu ɗaya ake nema: yaya ake kusantar ƙaramin abu mai rai har a ga ƙwayar idonsa? Na tsamo huɗu. Sauran ku yi mini haƙuri, in Allah ya kai mu za mu waiwaye ku.

TAMBAYA daga wani mai karatu a Funtuwa: Malam, ina da ɗan lambu a bayan gida, kullum nakan ga ƙoƙi-ƙoƙi a jikin yakuwa. Wayata tana da kyamarar makro, amma duk hoton da na ɗauka sai ganyen baya ya fito tar, ƙwaron kuwa dishi-dishi. Wayar ce ba ta da kyau?

AMSA: Ɗan'uwa, wayar tana da nata kason, amma ba duka ba. A yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi, kyamarar makro, wato ta ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, megafiksel 2 ce kawai, kuma an kafe saitinta a nisan kusan santimita 4. Ka matsa ko ka ja baya da faɗin yatsa, saiti ya tafi. Babbar kyamarar wayar ta fi ta nesa ba kusa ba. Ka nemi ɗan gilashin nan da ake maƙala wa waya, mai baki kamar maƙalin shanya. Masu sayar da kayan waya suna da shi, ni a kasuwar Farm Centre ta Kano na sayi nawa na farko. Ka ɗora shi daidai kan babbar kyamarar, ka goge duka biyun da ƙyalle mai laushi.

Sai abin da ya fi damun kowa. Duk lokacin da ka kusanci abu sosai, wurin da zai fito tsaf yakan zama siriri ƙwarai, wani lokaci bai wuce kaurin farce ba. Shi ya sa ganye ke fita, ƙwaro ya ɓace. Ga yadda nake yi. Nakan danna allon in riƙe har saitin ya kulle, daga nan ba na sake taɓa shi. Sai in tsuguna, in kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, in riƙe numfashi, in riƙa matsawa gaba da baya a hankali har in ga idon ƙwaron ya fito, sannan in ɗauka. Idon shi ne kan gaba. In ido ya fito, mai kallo zai yafe maka ƙafafu da bindi. In akwai iska, ka kama karan yakuwar da hannun hagu can ƙasa, ka jingina hannun da ke riƙe da wayar a kan na hagun, ta yadda in reshen ya motsa, da wayar zai motsa. Kuma kada ka yi rowar ɗauka. Cikin talatin in ka sami ɗaya mai kyau, ka yi sa'a.

Amma duk wannan bai kai sanin lokaci ba. Ƙwaro ba ya haɗa zafin jikinsa kamar mu, daga rana yake samu. Da hantsi ya riga ya ɗumama, kafin ka ɗaga waya ya tashi. Da sanyin asuba kuwa jikinsa a mace yake. Mazarin da kuka gani, tun da yamma na je fadamar na zauna, na lura da ciyawar da suke sauka a kai in rana ta yi ƙasa. Washegari ina idar da sallar asuba na koma. Na same shi a maƙale a karan ciyawa, raɓa ta lulluɓe shi tun daga kai har bindi, kowane ɗigo yana ɗauke da hoton ciyawar da ke bayansa a kife. Idanun nan biyu sun kusa cinye kan gaba ɗaya, kuma a manyan mazari kowane ido yakan ƙunshi ƙananan idanu har kusan 30,000. Na yi minti ashirin a durƙushe, wandona ya jiƙe sharkaf. Da rana ta taɓa shi sai ya fara kaɗa fukafukai, raɓar ta watse, ya tashi.

Shi ƙoƙi-ƙoƙin naka ma ya fi sauƙi, domin ɗan kwanton ɓauna ne, zama yake yi yana jiran abinci. Ka zo masa daga ƙasa, kada inuwarka ta faɗa kansa. Zai juyo da kai ya dube ka, za ka ga wani baƙin ɗigo a idonsa yana bin ka duk inda ka karkata. Ƙananan idanun da suka fuskance ka kai tsaye ne suke shanye haske, shi ya sa wurin ke yin baƙi. Ka jira wannan juyowar.

TAMBAYA daga wata ɗaliba mai karanta ilimin halittu a Zariya: Yayana ya ba ni kyamarar Nikon mai gilashin 18-55mm. Ina son hotunan ƙwari don aikin makaranta, amma gilashin makro ya fi ƙarfina. Akwai dabara?

AMSA: Akwai, 'yata. Abin da masu sana'ar ke kira makro na haƙiƙa shi ne 1:1, wato ƙudan zuma mai tsawon santimita 1 ya faɗo kan sensar kyamara, wato ɗan farantin ciki da ke karɓar hoto, da tsawon santimita 1. Sensar irin taki faɗinta kusan milimita 23 ne, kin ga zai cika kusan rabin hoton. Gilashin da ke hannunki iyakarsa kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan.

Hanya mafi arha ita ce zobban ƙarin tsawo da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. Babu komai a cikinsu, nisa kawai suke ƙarawa, kuma sukan zo uku a haɗe: 12, 20 da 36mm. Lissafin mai sauƙi ne: gilashin 50mm in aka ƙara masa kusan 50mm, ya kai 1:1. Ki tabbata kin sayi masu 'yan ƙarafan lantarki a jiki, don kyamara ta ci gaba da sarrafa ƙofar haske. Hanya ta biyu, ki sami tsohon gilashin 50mm na hannu mai zoben ƙofar haske, ki ɗaura shi a juye da zoben juyi. Akwai kuma ɗan gilashin ƙara girma mai suna Raynox DCR-250 da ake maƙalawa a gaba, na daɗe ina aiki da shi. In kuɗi sun samu nan gaba, ki nemi gilashin 90, 100 ko 105mm, domin yana bar miki tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninki da ƙwaron, abin da za ki gode wa Allah a kansa ranar da kika tunkari rina.

A 1:1 da ƙofar haske f/8, abin da ke fitowa tsaf kusan milimita 1 ne. Ni nakan tsaya a f/11, saurin ɗauka 1/200 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin haske) 200, da filashi. Filashi tsirara yana ƙona bayan buzuzu ya bar farin tabo, don haka ki yanko farar roba ko soson kwalin abinci, ki huda, ki zura a bakin gilashin ya tare hasken ya tausasa shi. Da hunturu kuma kada ki canja gilashi a fili, ƙura za ta shige miki sensa.

TAMBAYA daga wani matashi a Maraɗi: Wani abokina ya ce a kama ƙwaron a sa a firij ya sandare, ko a fesa masa maganin sauro, sai a ɗauke shi yadda ake so. Kuma ina ganin hotunan kwaɗi a Facebook suna riƙe da ganye kamar lema. Haka ake yi?

AMSA: Ƙanena, wasu suna yi, ni kuwa ina roƙonka don Allah kada ka yi. Da yawa daga hotunan kwaɗin nan shirya su ake yi: a kama dabbar, a lanƙwasa mata ƙafa, wani lokaci a ɗaure da zare a goge zaren a kwamfuta. Masana kwaɗi sun sha yin magana a kai, domin sun san kwaɗo ba ya irin wannan zaman da kansa. Ƙwaron da aka fesa wa magani kuma ana gane shi: ƙafafu a naɗe ƙarƙashin ciki, gashin baki a langaɓe, ido ya dushe. Rai aka ɗauka saboda hoto, hoton kuma ƙarya yake faɗa game da dabbar.

In kana son cikakken bayanin jikin ƙwaro, akwai hanya mai tsafta. Ana ɗaukar hotuna da yawa, kowanne da saiti a wuri daban, sannan a haɗa su da manhaja irin Helicon Focus ko Zerene Stacker. Wani mai hoto ɗan Ingila, Levon Biss, ya yi haka da ƙwarin da ke ajiye a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford, aka baje kolin aikin a 2016, kowane hoto ɗaya an haɗa shi ne daga dubban hotuna. Kai ma kana iya farawa da mataccen ƙwaron da ka tsinta a bakin taga, muddin ka faɗi gaskiya cewa a mace ka same shi.

Kwaɗo ya fi buƙatar kulawa, domin ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi ta nan. Man shafawa, turare ko maganin sauron da ke hannunka duk shiga jikinsa suke yi. Akwai kuma wata cutar fata ta naman gwari da aka bayyana a kimiyyance a 1998, wadda ta hallaka kwaɗi masu yawa a Ostareliya da Amurka ta Tsakiya, kuma takalmi da hannun mutum suna iya kai ta daga wannan tafki zuwa wancan. Saboda haka ba na taɓa su.

Bari in ba ka labarin wanda ya fi tsaya mini a rai. A yankinmu na Afirka ta Yamma akwai wani ɗan kwaɗon ciyawa, masana suna ce masa Hyperolius nitidulus. 'Ya'yansa ba sa shiga rami da rani. A jikin busasshiyar ciyawa suke maƙalewa, su tattare ƙafafu a ƙarƙashin ciki, fatarsu ta koma fara fat don ta mayar da hasken rana, su zauna haka suna jiran damina. Na taɓa cin karo da ɗaya a bakin wata fadama cikin watan Fabrairu, bai fi kan ɗan yatsana ba, da farko na ɗauka kashin tsuntsu ne. Ruwan da ke jikinsa shi ne jarinsa duka. Da na taɓa shi ya yi tsalle, da na sa ya ɓarar da abin da zai kai shi ruwan farko. Na kwanta a ƙasa, na ɗauki hoto huɗu ba filashi, na ja da baya.

TAMBAYA daga wani malamin firamare a Haɗeja: Kwaɗi sun cika mana dare da kuka. Ina so in fita in ɗauke su. Me zan tanada?

AMSA: Malam, kana zaune a inda mutane irina ke yin tafiyar yini don su zo, dausayin Haɗeja da Nguru. Ka fita a daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, musamman farkon damina. Ka sa dogon takalmin roba, kada ka yarda da silifa, domin kububuwa da kasa ma da dare suke yawo, kuma ka haska wurin da za ka durƙusa kafin ka durƙusa. Kada ka shiga ruwan kwance ƙafa tsirara saboda tsargiya. Ku tafi ku biyu, ɗaya ya riƙe tocila daga gefe, an rufe bakinta da farar takarda.

In ka matso, mai kukan zai yi shiru. Kashe tocilar ka tsaya cak. Bayan 'yan mintuna zai ci gaba, sai abokinka ya kunna a hankali, ka same shi maƙogwaro a kumbure kamar balan-balan. Namiji ne, mace yake kira. Ka sauke kyamarar daidai tsayin idonsa, ka ɗauki kaɗan ka bar shi ya ci gaba da sha'aninsa. In ka ɗora tocilar kusa da idonka ka haska ciyawa, za ka ga wasu 'yan taurari kore-kore suna ƙyalli, idanun gizo-gizo ne. Kunama kuwa in aka haska ta da tocilar nan mai shuɗin haske ta duba jabun kuɗi, jikinta duka yakan yi haske.

Abin da ka ɗauka, ka ɗora shi a manhajar iNaturalist da kwanan wata da wurin, masana za su taimaka maka da sunansa. Ka kuma naɗi kukan da wayarka ko na daƙiƙa ashirin ne, domin kwaɗi da yawa da kuka ake bambance su. Sannan ka kai hotunan aji ka tambayi yara sunan da ake kiran kowanne a gidajensu, ka rubuta, ka aiko mana mu buga tare da hotunan.