Faifan Sabar Ofishinmu Ya Cika, Ya Zan Kwashe Rumbun Bayanai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da sabar imel da kalandar ofishinmu, Zimbra ce a kan Linux. Ɓangaren faifan da take kai ya kusa cika maƙil, har saƙonni sun fara maƙalewa. Na ƙara sabon faifai, ina so in mayar da rumbun bayanan can. Wani abokin aikina ya ce in kwafe foldar kawai in goge tsohuwar. Shin haka ake yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kada ka goge komai tukuna.

Fara gano abin da ya cinye wurin. Rubuta du -sh /opt/zimbra/* ka duba girman kowace folda. Sau da yawa ba rumbun ba ne ya kumbura, foldar store ce, inda ainihin wasiƙu da abubuwan da aka maƙala musu suke zaune. In ita ce, da umarnin zmvolume za ka buɗe sabuwar ma'ajiya a sabon faifan, ba ruwanka da rumbu.

Rumbun kuwa, wanda manhajar MariaDB ke tafiyarwa tun daga siga ta 8.5 ta Zimbra, yana /opt/zimbra/db/data. Shi ya san wane saƙo ke wace folda, an karanta shi ko ba a karanta ba, da inda fayil ɗinsa yake. In ya lalace, wasiƙun suna nan a faifai, amma kowa zai buɗe akwatinsa ya rasa su. Wannan ne ya sa shawarar abokinka ta tayar mini da hankali.

Ba a kwafar rumbu yana aiki. Injinsa, InnoDB, yana riƙe wasu sauye-sauye a ƙwaƙwalwar kwamfuta kafin ya sauke su faifai, kuma fayilolinsa dole su dace da juna. Kwafa a wannan hali kamar ɗaukar hoton mai gudu ne, ƙafa a nan, kai a can. Sanar da ma'aikata, zaɓi dare ko ƙarshen mako, ɗauki cikakken kwafin ajiya zuwa wata na'ura dabam. Sannan ka shiga da sunan zimbra ka ba da zmcontrol stop. Bi bayansa da ps -u zimbra, ka tabbata mysqld ya tsaya da gaske.

Mu ƙaddara sabon faifan yana /sabo. Ka koma root, wato asusun mai cikakken iko a Linux, ka rubuta rsync -aH /opt/zimbra/db/data/ /sabo/data/. Harafin a ɗin nan shi ke adana mallakar fayiloli. In suka zama na root, rumbun ba zai tashi ba. Kula da karan nan (/) da ke ƙarshen data/, in ka bar shi folda za ta shige cikin folda. Daga nan canza wa tsohuwar suna zuwa data.tsoho, ƙirƙiri sabuwar data wadda ba komai a ciki, ka mallaka wa zimbra ita.

Wasu sukan gyara adireshin a my.cnf, fayil ɗin saitin rumbun. Ni ban so, domin ana iya mantawa da gyaran ranar sabunta manhaja. Na fi son Zimbra ta ci gaba da ganin adireshin da ta saba. Ƙara wannan layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za su hau idan an kunna na'ura, a ƙasan layin sabon faifan: /sabo/data /opt/zimbra/db/data none bind 0 0. Shi faifan kuma kira shi da lambar UUID da blkid zai nuna maka, don suna irin sdb1 yakan sauya. Sai mount -a, sai ka koma sunan zimbra ka ba da zmcontrol start, sai zmcontrol status. In wani abu ya ƙi tashi, leƙa mysql_error.log a /opt/zimbra/log.

Af, in har za ka taɓa foldar LDAP ma, inda bayanan asusun ma'aikata suke, yi hattara da data.mdb. Yakan nuna gigabait 80 alhali kaɗan ya cika, kuma kwafa ta yau da kullum tana iya cinye tamanin ɗin duka. Da mdb_copy ake ɗaukarsa.

Kafin ka tashi, kashe sabar ka sake kunnawa kana zaune a gabanta, ka ga faifan ya hau da kansa. Aika wa kanka saƙo, buɗe tsohuwar wasiƙa, duba kalanda. Ita data.tsoho bar ta kamar mako guda ana aiki lafiya, sannan ka goge ta, a lokacin ne wurin zai dawo maka.