Amsa: Sifilin da ke ɓacewa a Excel da imel mai neman a danna maɓalli

Malam, ka tambayi dalilin ɓacewar sifilin farko na lambar waya a Excel, da kuma ko ya dace ka buɗe takardar kuɗin da aka turo maka ta imel.

Excel yana ɗaukar lambar a matsayin adadin lissafi ne, shi ya sa 0803 ke komawa 803. Ka mayar da ginshiƙin zuwa Text tun kafin ka fara shigarwa, domin gyaran daga baya ba ya dawo da sifilin.

Imel ɗin kuwa, ka duba ainihin adireshin mai aikowa, ba sunansa kawai ba, kuma idan fayil ɗin ya nemi ka danna "Enable Content", a ganina ka dakata sai ka kira shi ta lambar da ka riga ka sani.