Hukuncin karɓar rangwamen haraji a kan inshorar jinyar tsufa

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a unguwar Bronx da ke birnin New York, shekaruna 56, ina tuƙin tasi. 'Ya'yana biyu ne, kowannensu yana aiki a wata jiha. Mai cika mini takardun haraji ya ba ni shawarar in sayi inshorar da ke biyan kuɗin jinya idan tsufa ko ciwo ya kwantar da mutum, ya ce gwamnatin jiha za ta rage mini haraji saboda ita. Shin wannan rangwame halal ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙunshi mas'aloli biyu da ya wajaba a raba su, domin yarjejeniyarka da kamfanin inshora daban take, abin da ke tsakaninka da hukumar haraji kuma daban.

Jihar New York tana cire wa mai biyan haraji kashi 20 cikin 100 na abin da ya zuba wa irin wannan inshora a shekara, kuma tun daga 2020 rangwamen ba ya wuce dala 1,500, ba a kuma ba wa wanda kuɗin shigarsa ya kai dala 250,000. Idan ka zuba dala 3,000, za a sauke maka 600 daga harajin da ake bin ka. Wannan kuɗi ba daga aljihun kamfani ya fito ba, kuma ba ƙari ba ne a kan wani bashi da ka bayar, balle a kira shi riba. Dukiyarka ce da hukuma ta yi niyyar karɓa, sai ta bar maka wani sashe nata. Saboda haka karɓarsa halal ne, da sharaɗin ka rubuta gaskiyar abin da ka biya, domin ƙarya a takardar haraji ƙarya ce ko da a ƙasar da ba ta Musulunci ba, kuma kana zaune a cikinta ne bisa alkawari.

Inda maganar take da nauyi shi ne ita kanta inshorar. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san abin da zai haifar ba. Mai wannan inshora yana iya shafe shekara 25 yana zubi, ya rasu da ƙafarsa bai karɓi ko sisi ba, wani kuma ya yi zubin shekara biyu, shanyewar jiki ta kama shi, kamfani ya kashe masa ninkin baninkin abin da ya bayar. Wannan ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci, ta halatta ta taimakekeniya da ake kira takaful. Asalin bambancin sananne ne a wurin Malikiyya: Al-Ƙarafi ya bayyana cewa garari yana ɓata cinikin ba-ni-in-ba-ka, amma ba ya ɓata kyauta, zubin takaful kuwa kyauta ne. Shaihu Mustafa Az-Zarƙa ya saɓa wa jumhur, wato mafi yawan malamai, ya halatta inshorar kasuwanci, sai dai ni ban gamsu da sakin ƙofar haka kawai ba.

Abin da nake gani a halinka shi ne ƙa'idar da ke cewa buƙata mai tsanani tana ɗaukar hukuncin larura, musamman da yake haramcin garari bai kai na riba ƙarfi ba. A Kano ko Zinder, tsoho yana kwance jika na ɗebo masa ruwan alwala, suruka na dama masa kunu. A wurinku kowa ya fita nema tun asuba, gidan kula da tsofaffi a New York yana cin fiye da dala 100,000 a shekara, shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, ba ya biyan doguwar kulawa irin ta wanka da ciyarwa da juya majinyaci, Medicaid kuwa, tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba ya shigowa sai abin hannun mutum ya kusa ƙarewa. Idan ka bincika ba ka sami tsarin takaful ba, kuma ba ka da ajiya ko mai jinyar da za ka dogara da shi bayan Allah, ya halatta ka shiga gwargwadon buƙatarka. Ka zaɓi wadda ke biyan kuɗin jinyar kai tsaye, ka nisanci wadda aka haɗa da inshorar rai ko ajiya mai kuɗin ruwa, domin a nan riba ta shigo, buƙata kuma ba ta isa ta halatta ta.

Amma idan kana da niyyar komawa gida ka yi tsufanka cikin dangi, ko kana da abin da zai ɗauki nauyinka, to kada rangwamen ya ja ka. Ba ya mayar da haramtacciyar yarjejeniya halal, kuma ko a lissafin kasuwa, wanda ya fitar da 3,000 don a bar masa 600 bai ci riba ba. Wanda ya riga ya shiga ba tare da uzuri ba, ya nemi hanyar fita, rangwamen shekarun da ya biya kuwa nasa ne.

Ka kuma sanar da 'ya'yanka cewa takardar inshora ba ta sauke musu wajibin da aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta ɗora musu game da iyayen da tsufa ya riska a wurinsu. Wallahu a'alam.